Auta da Wutsiyar Layi

A ofis Mai Taswira ake ce masa. A gida kuwa har yau Auta yake, ko da yake furfura ta ci rabin gemunsa, kuma shi kansa ya aurar da 'ya. Yayarsa ce ta riƙe sunan ta hana shi mutuwa. Ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu, da keken ɗinki da faɗa, kuma wanda ya raine ka ba ya ganin gemunka.

A ofishin da ke tsara hanyoyin motocin bas na birni yake aiki. Da ƙuruciya ya fara, yana tsayawa a tasha da ɗan ƙarfen ƙirga a tafin hannu, mutum ya hau ya danna, mutum ya sauka ya danna, har babban yatsansa ya yi kanta. Daga nan aka mai da shi ɗakin zane, ya koyi jan layi a kan taswira. Da kwamfuta ta zo, tsararrakinsa da yawa suka ce sun tsufa da sabon karatu, suka ajiye aiki. Shi kuwa bai bi su ba. Ya jawo kujera ya zauna a bayan waɗanda suka iya, yana kallo, har hannunsa ya faɗa.

Akwai wani lissafi a cikin kwamfutar da 'yan ofis suka laƙaba wa suna Boka. Duk fasinjan da ya hau bas yakan ɗora katinsa a kan na'urar da ke bakin ƙofa, ta yi 'yar ƙara, kowace ƙara kuma takan zama ɗigo a taswirar ofis. Boka yakan haɗiye ɗigogin nan, a ƙara masa da yawan gidaje da makarantu da kasuwanni, sai ya faɗi inda mutane za su nemi zuwa baɗi. Inda ya hango cunkoso a ƙara mota, inda ya hango fili a rage. Auta bai taɓa raina Boka ba, don ya sha ganin maganarsa ta fito. Abin da kawai yakan ce shi ne Boka ba ya ƙarya, amma abin da aka ba shi yake taunawa.

Teburinsa yana kusa da taga, ƙarƙashin wata tsohuwar taswira da gefenta ya naɗe, da fanka mai juyawa tana gunaguni. A nan shugabar sashensu ta same shi wata safiya. Mace ce da ba ta girmi 'yarsa da yawa ba, mai saurin tafiya da saurin fahimta, kuma Baba take ce masa ko a gaban baƙi. Ta tsaya a bayansa ta sa yatsa a jikin allon kwamfuta.

Layin da ta nuna yakan tashi daga babbar tasha, ya bi ta gaban asibiti, ya miƙe babban titi har shataletale, sannan ya karya ya shiga wata siririyar hanya mai gangara zuwa tsohuwar unguwar da ke ƙarshen gari. Wannan guntun na ƙarshe shi ake kira wutsiya a ofis. A taswirar Boka babban titi baƙi ƙirin yake da ɗigo kamar tururuwa ta sami sukari. Wutsiya kuwa fara fat, sai ɗigo ɗaya can, ɗaya can.

Ta ce motoci sun yi kaɗan, sababbin unguwanni sun cika, mutane na rataye a ƙofa kullum safiya. Boka ya ba da shawarar a yanke wutsiya, bas ta riƙa juyawa a shataletale. Ta ce ya shirya sabon zane kafin zaman hukuma.

Ya ce to. Da ta tafi, shayinsa ya huce a kofi bai taɓa ba.

A ƙarshen wutsiyar nan aka haife shi. A nan Yaya take har yanzu, a gidan iyayensu, keken ɗinkinta lulluɓe da zane tunda idonta ya daina ganin kafar allura. Ƙodarta ta gaza, asibiti ke wanke mata jini da na'ura, yau ta je gobe ta huta. Bas ɗin nan ce ke ɗaukarta ta sauke ta a ƙofar asibiti. Daga gidanta zuwa shataletale kuwa, ga mai lafiya tafiya ce ta zufa, ga wadda ƙafafunta ke kumbura wata ƙasa ce daban. Ya sha roƙonta ta dawo gidansa, amma shi a bene yake haya, hawa na sama, ita kuma ta ce ba za ta je inda sai an ɗauke ta kamar buhu ba.

Kuma ya san wutsiya ba fara ba ce. Ya san dalilin da ya sa ta yi fari a idon Boka.

Direba ɗaya ke yin wannan layin shekara da shekaru, wani mutum mai tsawo da ake kira Dogo, don sauran direbobi ba sa son ramukan hanyar. Tsofaffi ne suka fi yawa a unguwar, 'ya'yansu duk sun tashi sun bi aiki. Tsofaffi da marasa lafiya kuwa hukuma ta ba su katin kyauta, ba a cire musu komai, ɗorawa kawai ake so su yi. To, Dogo ya gaji da ganin tsohuwa tsaye a kan matakala, sanda a hannu ɗaya, ɗayan yana lalube a jaka, gwiwa tana rawa. Sai ya riƙa cewa, "Wuce ki zauna, Inna, katin ba ya gudu." Daga baya ya ga rumfar jira ta yi wa wasu nisa, sai ya riƙa tsayawa a ƙofar gidajensu. Ya san wadda take jinkirin neman takalmi, ya san wanda ba ya jin odar mota sai an buga masa ƙofa. A hankali unguwa ta manta da kati, ta manta da rumfa, har awaki suka gaje ta.

Ofis bai san wannan ba. Abin da ofis ya sani shi ne motar Dogo tana yawan makara, kuma an riga an ba shi takardar gargaɗi har sau biyu. Dokar aiki ta ce ta uku ita ce ta sallama. Tsayawa a inda ba tasha ba laifi ne, barin fasinja ya wuce bai ɗora kati ba laifi ne. Auta ya daɗe da sanin duk wannan. Duk ranar hutu a motar yake zuwa gai da Yaya, yana kallo, yana kau da kai, har yana jin daɗi a ransa. Bai taɓa kawo wa zuciyarsa cewa shirun na'ura ma magana ce ba.

Ya kwana biyu yana juya abin. In ya yi shiru, an yanke wutsiya. In ya buɗe baki, babu yadda za a ce ɗigogi sun ɓace ba a tambayi a hannun wa suka ɓace ba, kuma hannu ɗaya ne a kan sitiyarin. Gaba kura, baya sayaki.

A ƙarshe ya sami wata 'yar ƙofa. Ya je wurin shugaba ya ce na'ura takan yi kuskure wani lokaci, zafi da ƙura kan taɓa ta, kafin a yanke hanyar da ta girmi rabin 'yan ofis da kyau a tura mutum ya ƙirga da ido, irin na da. Ta dube shi ɗan lokaci. Ta san inda yayarsa take, kowa ya sani. Ta ce kuɗin irin wannan aiki ya ƙare, amma za ta nemo ma'aikaci ɗaya na mako guda, saboda girmansa. Abin da mutumin ya kawo, da shi za a je gaban hukuma.

Ƙa'ida ce ba a faɗin ranar ƙirga, don kada mutane su yi gayya su cika mota. Auta bai taɓa karya wannan ƙa'ida ba tun yana riƙe da ƙarfe a tasha. Ranar hutu ya hau bas ya tafi ya karya ta.

Ya tarar da Yaya a tsakar gida, ƙafafunta a kan matashi, rediyo na magana shi kaɗai. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ya rame, matarsa ta daina ba shi abinci ne, ko kwamfutar ce ke tsotse shi. Ya zauna a bakin tabarma, kamar yadda ya saba tun yana yaro, ya yi mata bayani dalla-dalla, ba kwana-kwana. Ya ce mako mai zuwa wani mutum zai zauna a cikin bas yana ƙirga. Kowa ya fito, kowa ya nemo katinsa, kowa ya je rumfa ya hau a can. Wanda ba shi da wurin zuwa ma ya hau ya je shataletale ya dawo. In ba haka ba za a ɗauke musu mota.

Ta yi dariya har da tari.

"A ɗauke ta a kai ina? Motar da na sa ka a ciki ranar da ka fara makaranta, kana kuka kana riƙe mini zane?"

"Yaya, da gaske nake."

"Na ji, Auta. Zan gaya musu. Ɗauko mini ruwa."

Da zai koma ya zauna a kujerar bayan direba ya gaya wa Dogo shi ma. Dogo ya ce an gama, yallaɓai, mako guda zai zama direban littafi, ko uwarsa ce ta ɗaga hannu a inda ba tasha ba zai wuce ta ya ba ta haƙuri daga baya.

Makon ya zo ya wuce. Mai ƙirga ya dawo ofis yana hamma, ya ce bai taɓa yin aiki mai sauƙin wannan ba, shi da direba suka yi ta hira har labari ya ƙare musu. Daga shataletale zuwa ƙarshen layi, in ka cire wata mata mai zuwa asibiti da 'yan tsirarun ma'aikata, kujeru ya ƙirga. Abin da ido ya kawo bai ma kai abin da na'ura ta kawo ba.

Auta bai jira ranar hutu ba. Da aka tashi aiki ya wuce unguwar.

Yaya ba ta ɓoye masa komai ba, don a ganinta babu abin ɓoyewa. Ta ce ta isar da saƙonsa kamar yadda ya faɗa. Tsofaffin unguwa suka taru a ƙofar gidan wani tsohon kafinta suka tattauna. Kafintan ne ya yi tambayar da ta tsayar da kowa. Ya ce in mutumin ofis ya ga mota cike maƙil a makon nan, alhali na'ura ta shekara tana cewa babu kowa, me zai fara tambaya? Zai ce ina mutanen nan suke a da. Daga nan sai a kira Dogo. Wata ta ce mutumin da ya ɗauki mijinta a bayansa ya shigar da shi mota, ba da hannunta za a raba shi da abincinsa ba. Aka tashi a kan kowa ya zauna a gida mako guda. Mai zuwa kasuwa ya aika, mai karɓar magani ya daure. Ita kaɗai aka yafe wa, saboda nata ba ya jira.

"Mun rufa masa asiri," in ji ta, tana gyara ɗankwali. "Ko ba mu kyauta ba?"

Tambayar kafinta tambaya ce ta gaskiya. Shi kansa ya hango ta, ya yi ta gaya wa zuciyarsa cewa in an zo wurin zai ɗora laifin a kan zafi da ƙura. Bai gaya musu wannan ba, don bai tabbata zai iya ba.

"Amma Yaya, na ce muku za a ɗauke motar."

"Ka ce. Kai ma kana wurin, za ka bari? Hanya ai ba a takarda take ba, Auta, a ƙasa take."

Ya tashi ya cika mata tulu, ya duba kwalaben maganinta, ya yi sallama.

A hanyar komawa babu kowa a motar sai shi. Dogo ya yi ta tuƙi bai yi barkwancin da ya saba ba. Sai da suka fara hawan gangara ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ka faɗa musu kawai, yallaɓai. Ka ce ni ne. Tuƙi ba ya ƙarewa a duniya." Auta ya san Dogo yana da yara a makaranta, ya kuma san shekarun da ake daina ɗaukar sabon direba. Ya ce masa ya kula da rami.

Duk da haka washegari ya shiga ofishin shugaba ya rufe ƙofa. Ya fara da nisa, kamar yadda ya saba. Ya ce akwai hanyoyin da mutane ke bi ba sa barin sawu. Ya ce wani lokaci alheri kan yi wa lissafi illa. Yana shirin kawo sunan Dogo sai ta ɗaga hannu.

"Baba, tsaya nan. In ka faɗa mini da baki, dole in rubuta. In na rubuta, ka san teburin da takardar za ta sauka."

Ya ce ya sani.

"To ga abin da ba ka lissafa ba. Ko an kore shi gobe, ba ni da ɗigo ko ɗaya da zan kai gaban hukuma. Na'ura ta ce babu kowa. Mutumin da kai ka roƙa a tura ya ce babu kowa. Zan tsaya in ce musu akwai mutane amma sun ɓuya? Za su ce a yanke yanzu, a sake dubawa wata shekara. Ka rasa direba, ka rasa hanya." Ta sassauta murya. "Can sababbin unguwanni kuma mutane na faɗowa daga ƙofar mota. Su ma iyayen wasu ne."

Babu abin da ta faɗa da zai iya cewa ba haka ba ne. Ya yi mata godiya ya fito.

Shi ya yi zanen da hannunsa, don aikinsa ne, kuma bai so wani ya yi ba. A da, in za a soke hanya sai an kankare fenti da reza, a hura, a shafa, mutum ya ji a jikinsa cewa ya yi wani abu. Yanzu danna abu ɗaya ne. Layin ya tsaya a shataletale, ya lanƙwashe ya koma. Taswirar ta ma fi kyan gani.

Aka manna sanarwa a jikin rumfar da ba mai zuwa, awaki suka ci rabinta. Mutanen unguwa suka yi ta cewa ai maganar ofis ce, har ranar ƙarshe ta zo. Wasu tsofaffi suka sa manyan riguna suka je ofis da koke, aka karɓe su da mutunci, aka ba su ruwa, aka nuna musu taswira. Kafinta ya daɗe yana duban farin wurin, ya tambaya ko nan ne su. Aka ce nan ne.

Ranar ƙarshe ta faɗo a ranar asibitin Yaya. Dogo ya tsaya a ƙofarta kamar kullum, ya ce ta wuce ta zauna. Ta ƙi. Ta tsaya a kan matakala ta yi ta lalube a jaka, ta fito da carbi, ta fito da tsohon almakashi, sannan ta fito da katin, sabo fil a cikin ledarsa. Ta tambaye shi ta wace fuska ake ɗorawa. Washegari da safe Auta ya kunna kwamfuta ya ga ɗigo ɗaya a can ƙasa, a wurin da babu layi kuma. Ya san ƙofar. Ya daɗe yana kallonsa kafin ya buɗe aikin ranar.

An mayar da Dogo ɗaya daga cikin sababbin unguwanni, inda kowa ke ɗora kati ba wanda ke gai da direba. An ce motarsa ta daina makara.

Masu ƙananan motocin haya ba sa son gangarar, wanda ya yarda kuma abin da yake nema ya fi ƙarfin albashin mai zanen taswira in za a yi ta yi yau da gobe. Sai Auta ya sayi 'yar kujerar roba mara nauyi. Duk ranar asibiti yakan yi sammako ya sauka a shataletale, ya gangara da ƙafa, ya fito da Yaya. Hannunsa ɗaya a hammatarta, ɗayan riƙe da kujera. Su yi tafiya kaɗan, ya ajiye, ta zauna ta mai da numfashi, su tashi. Masu shaguna sun san su, wani ya miƙo ruwa, wani ya tambaye shi ko kujerar ma tana da kati. Yakan isa ofis a makare da ƙura a takalmi, shugaba kuma takan sami abin dubawa a wani gefe in ya shigo.

Ba su kaɗai ke hawan gangarar ba. Masu sauran ƙarfi a gwiwa suna hawa, a hankali, suna tsayawa a inuwa. A shataletale sabon direba ba ya ɗaga wa kowa ƙafa, saboda haka kowa ya nemo katinsa. Waɗanda gwiwa ta ƙi kuwa suna gida. Kafinta yana cikinsu. Matar da aka taɓa goya mijinta ta rufe ɗaki ta koma wurin 'yarta.

Wata safiya, a zama na ƙarshe kafin su kai titi, Yaya ta daɗe ba ta tashi ba. Gumi ya jiƙe mata wuyan riga. Tana riƙe da katin a hannu tun daga gida, don yanzu ba ta yarda ta sa shi a jaka.

"Auta, Bokan nan naku yana ganinmu yanzu?"

"Yana ganinku, Yaya."

"Me ya ce?"

Ya dubi gangarar da suka baro, ya dubi sauran da ke gabansu. A makon nan Boka ya fitar da sabon hasashe. Fasinjojin shataletale sun ƙaru tun da aka gyara layin, har ya ba da shawarar a faɗaɗa rumfar wurin.

"Ya ce mutanen babban titi ne ku."

Ta jinjina kai kamar an gaya mata farashin zare. Sannan ta miƙo masa hannu.

"To ɗaga ni, kada motar mutanen titi ta wuce mu."

Ya ɗaga ta, ya ɗauki kujerar.